Farautar akwatin ɓoye a dajin da itatuwansa suka zama dutse

Akwai wani wasa da ake kira jiyokashin, wanda a saukake za mu ce masa farautar akwatin ɓoye. Wani zai ɓoye ƙaramin akwati a wani wuri, ya saka lambobin GPS na wurin a intanet, kai kuma ka bi wayarka har ka gano shi, ka rubuta sunanka a littafin da ke ciki, ka mayar da shi yadda ka same shi. Wasan ya fara ne a watan Mayun 2000, jim kaɗan bayan gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. Kafin nan kuskuren na'ura kan kai mita 100, ka ga kuwa ba a neman akwati da haka. Wani mai suna Dave Ulmer ne ya ɓoye na farko a jihar Oregon.

A 2004 aka ƙirƙiro wani reshe na wasan, EarthCache, da hannun ƙungiyar masana ilimin ƙasa ta Amurka. Shi wannan babu akwati sam. Lambobin za su kai ka gaban wani dutse ko kwazazzabo, ka duba da idonka, ka amsa tambayoyi a kansa. A ganina shi ne ya fi dacewa da wuri irin gandun Petrified Forest da ke jihar Arizona, inda doka ta hana ɗaukar ko da tsakuwa ɗaya.

Idan ka bi hanyar Crystal Forest, zagayen da bai wuce kilomita 1.2 ba, za ka ga gungumen itatuwa a zube ko'ina. Amma fa ka ƙwanƙwasa, dutse ne. Shekarunsu sun haura miliyan 200, tun zamanin da masana ke kira Tirayasik. A lokacin duk nahiyoyi a haɗe suke, Arizona tana kusa da tsakiyar duniya, ƙasa ce mai damshi da manyan koguna, ba wannan busasshen fili na yau ba.

To yaya itace ke zama dutse? Gungumen da ya faɗi a daji a yau, gara da ruɓa ne ke cinye shi. Waɗannan kuwa ambaliya ce ta kwashe su, laka da yashi suka binne su da sauri, iskar oksijin ta kasa isa gare su, ruɓewa ta yi jinkiri ƙwarai. Cikin lakar akwai tokar duwatsu masu aman wuta, ita kuma tana ɗauke da sinadarin silika. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya narkar da silikar, ya ratsa da ita cikin ƙananan ramukan itacen. Sannu a hankali ta cika su, ta maye gurbin naman itacen, daga baya ta daskare ta zama kwatz, dangin dutsen ƙanƙara. Saboda a hankali abin ya gudana, a wasu gungumen har tsarin ƙwayoyin halittar itacen ana iya gani a madubin ƙara girma.

Launukan ba na itacen ba ne. Ja da ruwan ɗorawa daga ƙarfe suke, tsatsa ce kawai in ka duba. Baƙi da shunayya sukan zo daga manganis ko kabon. Kwatz zalla fari ne.

Tambayar da ta fi rikita baƙi ita ce wa ya yayyanka gungumen, don gunduwa-gunduwa suke kamar an sa zarto. Babu kowa. Kwatz yana da tauri amma ba ya lanƙwasawa. Da ƙasa ta motsa, ko zaizaya ta kwashe abin da gungumen ke kwance a kai, sai ya karye tsaf kamar alli.

Sata ce babbar matsalar wurin tun da daɗewa. Ita ta sa shugaba Theodore Roosevelt ya ba shi kariya a 1906, ya zama cikakken gandun ƙasa a 1962. Har yau mutane na aiko da guntayen da suka sace ta gidan waya, da wasiƙun neman afuwa, wasu ma na cewa tun da suka ɗauka masifa ke bin su. Ma'aikata ba sa mayar da su cikin daji, tara su suke a gefe guda. Dalilin na kimiyya ne: shimfiɗar ƙasar da aka samu gungume a ciki ita ke faɗin shekarunsa da yanayin da ya binne shi. Guntun da ba a san daga inda ya fito ba, in aka ajiye shi a wani wuri daban, zai ɓatar da mai binciken da ya zo daga baya.