Ivan Saric: Rana guda a gaban zakara, shekaru goma a kan allo

A watan Agustan 2014, a garin Tromso da ke can arewacin ƙasar Norwe, an buga wani wasa da masu bibiyar darar ces ba su manta da shi ba har yau. Magnus Carlsen, wanda bai cika shekara guda da zama zakaran duniya ba, shi ne ke jagorantar tawagar Norwe a gasar ƙasashen duniya, kuma a gidansu ake yi. Abokin karawarsa a ranar wani matashi ne ɗan ƙasar Kuroshiya mai suna Ivan Saric, wanda ba kowa ya san shi ba. Carlsen, da ke riƙe da baƙaƙen 'ya'ya, ya buɗe wasa da wani tsohon salo da manyan gwanaye suka daɗe da jinginewa. Saric bai razana ba. Ya bi shi sannu a hankali har zakaran ya miƙa hannu, ya amince an cinye shi. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Tun daga wannan rana, duk inda aka ambaci Saric sai a ce wanda ya kayar da Carlsen. A ganina, wannan kirari ya rage masa daraja, domin ya taƙaita aikin shekaru a cikin yini ɗaya.

An haifi Saric a birnin Split da ke gaɓar tekun Adiriyatik a 1990, shekara guda kafin Kuroshiya ta ɓalle daga Yugoslabiya. Ƙasar ƙarama ce, mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba, amma ta gaji wannan wasa. A birninta na Dubrovnik aka yi gasar ƙasashen duniya ta 1950, inda Yugoslabiya ta zo ta ɗaya. A Zagreb, babban birninta, aka buga wani ɓangare na gasar fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya a 1959. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri zai tarar da ƙungiyoyi da malamai da gasanni suna jiransa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A 2007 Saric ya lashe gasar Turai ta 'yan ƙasa da shekara 18. A 2008 ya lashe ta duniya a wannan rukuni, a ƙasar Biyetnam, kuma a shekarar ya samu muƙamin babban gwani, wanda shi ne mafi girma da hukumar FIDE ke bayarwa. Ba a samun muƙamin sai ɗan wasa ya kai maki 2500 a ma'aunin hukumar, ya kuma nuna bajinta a gasanni da dama a gaban waɗanda suka riga shi. A 2009 ya zama zakaran ƙasarsa, ya maimaita a 2013.

A farkon 2014 ya ci rukuni na biyu na gasar Tata Steel da ake yi kowace shekara a ƙauyen Wijk aan Zee na ƙasar Holan. Ladan wannan nasara shi ne kujera a rukunin manya a shekara mai zuwa. To a nan ne aka ga tazarar da ke tsakanin gwani da gwanin gwanaye. A Janairun 2015, wata biyar kacal bayan abin da ya faru a Tromso, Saric ya zauna da fitattun duniya har zagaye 13, ya ƙare a cikin na ƙasa-ƙasa. Wanda ya ɗauki kofin kuwa shi ne Carlsen.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A wasa ɗaya, mai ƙarfi zai iya raina abokin karawarsa, ko ya yi kuskure guda da zai jawo masa asara. A gasa mai zagaye da yawa, kowa ya yi nazarin wasanninka na baya a kwamfuta, ya san inda kake da rauni, kuma kullum sai ka zauna awa huɗu ko biyar kana tunani, ko da jiya an cinye ka. Sa'a takan yi rana a zama ɗaya, amma ba ta ɗaukar mutum mako biyu.

Da yawa daga cikin matasan da suka sha irin wannan kaye sukan koma gefe, su rayu da labarin ranar da suka yi fice. Saric ya koma kan allo. A watan Maris na 2018, a birnin Batumi na ƙasar Jojiya, ya shiga gasar zakarun Turai tare da ɗaruruwan 'yan wasa. Ya samu maki takwas da rabi a cikin 11, ya doke David Navara na Jamhuriyar Cek a zagayen ƙarshe, ya ɗauki kofin shi kaɗai. Kafin shi, Zdenko Kozul ya kawo wa Kuroshiya wannan kofi a 2006. A 2019 makin Saric ya haura 2700, matakin da 'yan wasa ƙalilan ne a duniya ke takawa.

Saric bai zama zakaran duniya ba, kuma tsakaninsa da Carlsen, wanda tsaransa ne, akwai rata mai faɗi, domin shi Carlsen ya taɓa kai maki 2882. Amma duk mai son auna shi da adalci, Batumi ya kamata ya duba kafin Tromso. A Tromso wani ya yi sakaci, shi kuma ya yi amfani da damar. A Batumi kuwa, zagaye 11 ya yi yana tabbatar da abin da ya koya daga kayen 2015.

Mu masu kallo mun fi son labarin da ke da ban mamaki, shi ya sa muke ɗaga mutum sama saboda rana guda, mu yar da shi saboda wata. Ɗalibin da ya zo na ɗaya sau ɗaya da wanda ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, dukansu ba a gama saninsu ba tukuna. Sai an ga abin da kowannensu ya yi da shekarun da suka biyo baya.