Gini Ya Bi Ƙasa, Ko Ya Bi Magini?

Sau da yawa ɗan kwangila yakan zo wa hakimi da zanen makaranta ko na ɗakin shan magani, ya ce irinsa ya gina a Kaduna, da shi aka san aikinsa. Kafin a nuna masa fili a Kutemeshi, ya kamata hakimi da malamansa su bincika ko zanen nan zai jure wa ruwan ƙasar Birnin Gwari.

Dalili kuwa, damina ta fi ƙarfi a nan bisa ga Katsina ko Kano. Soron da ya zauna lafiya a can, in an gina shi nan ba a ƙara wa rufinsa gangare da dogayen indararo ba, sai ruwa ya kwanta a kai, ya ci bango. Hadari kuwa daga gabas yakan taso, saboda haka bangon gabas shi ke fara zaizayewa, shi ya fi bukatar makuba. Kwano yana tsare ruwa, amma in ba silin, ba tagogi masu fuskantar juna, yara ba su iya zaman aji da bazara.

Masu son a gane hannunsu a kowane gini sukan kafa hujja da Babban Gwani, Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846. Labarin baka ma ya ce aikinsa na ƙarshe masallaci ne a Birnin Gwari. Gaskiya ne ana gane hannunsa, amma a duba abin da ya haife shi. Azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cin ta, sai dai ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa shida. Shi kuwa ɗaki yake bukata mai cin jama'a. Sai ya kai dabarar magabata matuƙa: a ɗaura azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa, a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya haɗu a sama. Ashe ƙawar da ake yabo, gajartar azara ce ta jawo ta.

Don haka in zane ya zo, hakimi ya kira tsofaffin maginan gari su zaga filin tare da ɗan kwangila, in da hali bayan an ɗauke ruwa, su nuna masa inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Malamin hakimi ya rubuta abin da suka faɗa, a aika wa ƙaramar hukuma tare da zanen.