Malamin Dagaci da Manoma Talatin

Yara, ga wata wasa ƙwaƙwalwa. Ku kasa kunne da kyau, domin irinta takan raba gardama.

A ce a wani ƙauye na ƙasar Gwaram akwai manoma 30. Da damina ta gabato za a raba taki, sai dagaci ya sa malaminsa ya rubuta abin da kowa yake nomawa. Malam ya kawo takarda, ya ce masu gyaɗa 18 ne, masu riɗi 15, waɗanda ba su noma ko ɗaya cikin biyun kuwa 4. Wani dattijo ya tara, ya sami 37. Nan take fada ta ruɗe, aka ce malam ya ƙara sunaye bakwai na ƙarya don ya ci taki.

To, ku ne alƙalai. Malam ya yi ha'inci?

Kada ku yi saurin yanke hukunci, zato zunubi ne. Ku ɗauki kara, ku zana da'ira biyu a ƙasa, ɗaya ta ɗan shiga cikin ɗaya. Ta dama ta gyaɗa ce, ta hagu ta riɗi. Ku samo tsakuwa 30, kowace tsakuwa manomi guda. Ku ajiye 4 a waje, saura 26. Amma 18 da 15 sun tashi 33, sun ɗara 26 da bakwai. Ashe mutum 7 suna noma gyaɗa, suna kuma noma riɗi, an ƙirga su sau biyu. Ku zuba su tsakiya, inda da'irorin suka haɗu. Masu gyaɗa kaɗai 11 ke nan, masu riɗi kaɗai 8. Ku tara 11 da 7 da 8 da 4, za ku sami 30 cif. Malam ya fita.

Wani masani na Ingila, John Venn, shi ya bayyana irin wannan zane a shekarar 1880, har yau da sunansa ake kiransa.

Bayan an gama rabo, sai buhu guda ya yi saura. Dagaci ya ce a yi ƙuri'a. Aka rubuta sunayen duka, aka zuba cikin ƙwarya, aka sa yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya. Rabon kowane mutum 1 ne cikin 30. Yiwuwar a zaro mai gyaɗa 18 ce cikin 30, watau 3 cikin 5. In kuwa aka ce mana mai riɗi ne ya fito, yiwuwar yana noma gyaɗa 7 ce cikin 15, domin da'irar riɗi kaɗai za mu duba. Wannan lissafi ba duba ba ne. Ba ya faɗin wanda zai ci, sai dai ya auna rabon kowa. Mutum biyu na Faransa, Pascal da Fermat, su suka kafa tushensa a 1654.

Yanzu ga taku. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka zana shanu jikin dutse. A ce aji yana da yara 40. Yara 22 sun je Habude, 25 sun je Mesa, 3 ba su je ko'ina ba. Nawa ne suka ga duwatsun duka biyu? In aka zaro suna guda, mene ne yiwuwar ya zama ɗayansu? Ku zana a ƙasa, ku nuna wa malaminku.