Balad ta Jidda: ba a rushe ta ba, gyara ta aka yi

Balad ita ce tsohuwar unguwar birnin Jidda, kuma daga cikinta garin ya faɗaɗa. Tun zamanin Halifa Usman bin Affan, wajen shekarar 647 Miladiyya, aka mai da Jidda mashigar Makka ta teku, don haka alhazan da suka zo ta jirgin ruwa, har da na ƙasar Hausa da suka tsallako daga Sudan, ta wannan yanki suke bi. An rushe ganuwar garin a 1947, masu hali suka koma sababbin unguwanni, tsofaffin gidaje suka fara zubewa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya. A 2019 gwamnatin Saudiyya ta ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56, sannan a 2021 ta ƙaddamar da babban shirin farfaɗo da unguwar.

Duk da haka, har yau ana jin masu dawowa daga Umara suna cewa an rushe Balad, babu sauran abin gani. Wannan magana ba ta da tushe, kuma abin takaici shi ne masu yaɗa ta galibi ba su taka ƙafa can ba. Rusau kam an yi shi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, ya kuma ci unguwanni irin su Sabil da Gulail da Karantina da Petromin, inda 'yan Afirka da dama, ciki har da Hausawa mazauna ƙasar, suka daɗe da zama. Mutane sun rasa muhalli, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma waɗancan unguwanni daban, Balad daban. Wanda ya hango fili fetal ta tagar mota a hanyarsa ta shiga gari, ya dawo gida ya ce an share tsohon birni, ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. A cikin Balad gidaje ɗaruruwa na nan tsaye, wasu an gama gyaransu, wasu an tokare su da ƙarafa ana kan aiki. An shimfiɗa hanyoyi, an sa fitilu, an taƙaita shigar motoci, har wasu tsofaffin gidaje sun zama masauki. Gyaran bai zo kyauta ba: kofin gahawa a sababbin shaguna ya fi na da tsada, kuma wasu ƙananan 'yan kasuwa sun tashi. Sai dai tsada ba rushewa ba ce.

Akwai kuma masu ganin Balad kasuwar tsaraba ce kawai. Su sauka, su sayi jallabiya da turare da darduma, su yi ciniki har murya ta dushe, su koma mota ba tare da sun ɗaga kai ko sau ɗaya ba. Alhali abin kallon a sama yake. An gina gidajen da dutsen murjani da aka haƙo daga gaɓar Bahar Maliya, wasu hawa huɗu ko biyar, an ƙawata su da rawashin, wato tagogin katako masu sassaƙa da suke turowa waje. Iska na shiga ta cikinsu, kuma matan gida na ganin titi ba tare da an gan su ba.

Gidan da ya fi shahara shi ne Gidan Nasif, wanda aka kammala a 1881. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi Jidda a 1925. Matakalar gidan na da faɗi da kwanciya ta yadda raƙumi zai iya hawa da kaya, kuma a ƙofarsa akwai tsohuwar bishiyar darbejiya da aka daɗe ana kwatance da ita. Ba nisa da shi akwai Gidan Matbuli, wanda aka mayar gidan tarihi, sai Masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin masallatai mafi daɗewa a garin. Kasuwar Alawi ita ce ta kayan yaji da turaren wuta da yadi, kuma tana gangarawa wajen Bab Makka, ƙofar da ayarin alhazai ke fita ta cikinta a da. Masu son kallon zamani suna iya zuwa bakin tafkin Arba'in, inda aka buɗe gidan nune-nunen haske na teamLab a 2024.

A fannin abinci ma ana tafka asara. Mutum ya yi doguwar tafiya, amma bai san komai ba sai kazar Al Baik. Kazar ba ta da laifi, a Jidda ma aka kafa kamfanin a 1974, amma akwai ta a ko'ina. Abincin Hijaz, yankin da Jidda take, na ainihi yana cikin lungunan Balad. Da safe ana cin ful, wato dafaffen wake da aka dama da mai, tare da gurasar tamis mai zafi daga tanderu. Ma'asub gurasa ce da ake kirɓawa da ayaba, a zuba zuma da man shanu. Tana da nauyi, kwano ɗaya ya ishi mutum biyu. Mutabbak kuwa siririn kwaɓin fulawa ne da ake naɗe nikakken nama da ƙwai a ciki a soya. Da yamma masu balila ke fitowa da dafaffen waken Larabawa da ruwan khal da yaji, suna kiran masu saye da waƙa. Mai son kifi ya nemi sayadiyya, shinkafa da kifi da soyayyar albasa. A watan azumi unguwar kan cika maƙil bayan tarawihi, ga masu suyar hanta a bakin hanya, ga sobiya, abin sha mai sanyi da ake yi da sha'ir ko gurasa, fara da ja.

Lokacin zuwa shi ne daga la'asar zuwa dare. Da rana tsaka zafi da gumin teku suna jigata mutum, shaguna da yawa kuma a rufe suke. Yawon na ƙafa ne, don haka a sa takalmi mara tsini, a riƙe ruwa, dattawa kuma a ɗora su a ƙananan motocin lantarki da ke zagaya unguwar. A tambayi farashin abinci kafin a zauna, a riƙe 'yan canji don masu tebur. Kada a jingina da ginin da aka killace, kada a tura ƙofar gida don an gan ta tsohuwa, domin wasu gidajen da mutane a ciki. Dokar ladabin jama'a ta 2019 ta sa tara a kan zubar da shara da tofar da yawu a titi da ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba, kuma ɗabi'ar ɗaga waya a fuskar matan mutane abin kunya ce tun kafin ta zama laifi. Wanda ya zo cikin ayari ya sanar da jagoransa, ya riƙe takardar shaidarsa da lambar masaukinsa. Masu shirya tafiyar Umara kuma ya kamata su ware wa baƙinsu yammaci guda cur a Balad, maimakon sa'a ɗaya ta sayayya a kan hanyar filin jirgi.