Abin da Ke Hana Wasu Wasanni Zama Daidai a Allon Sababbin Wayoyi

Sanin kowa ne cewa wayar hannu ta shiga kowane lungu da saƙo na karkararmu. Sau da yawa mutum kan sayar da amfanin gona ya sayi sabuwar waya, ya saukar da wasa a cikinta, sai ya tarar hoton ya yanke a gefe, ko baƙin fili ya bayyana sama da ƙasa, ko ya danna maɓalli ya ƙi amsawa. Nan take sai ya ɗauka jabu aka sayar masa, ya nufi wurin mai gyara. Muna sanar da jama'a cewa galibi wayar lafiyarta ƙalau. Matsalar daga wanda ya tsara wasan take.

Musabbabin matsalar

Allon kowace waya ya ƙunshi ƙananan ɗigogin haske da ake kira fiksel. Nokia 3310, wadda ta fito a shekarar 2000, tana da ɗigo 84 a kwance da 48 a tsaye. A yau, wayoyi da dama na Tecno, Infinix da itel suna da 720 a kwance da 1600 a tsaye. Wasan da aka tsara bisa ƙiyasin girman allo ɗaya tamkar riga ce da tela ya ɗinka ba tare da ya auna mai ita ba.

Na farko, siffar allo ta canza. Kafin 2017, yawancin wayoyi tsawonsu kashi 16 ne idan faɗinsu ya kasance kashi 9. A wannan shekarar Samsung Galaxy S8 ta fito da kashi 18.5, yanzu kuwa kashi 20 ya zama ruwan dare. Tsohon wasa ba ya iya cike wannan ƙarin tsawo, shi ya sa ake ganin baƙin fili.

Na biyu, gurbin kyamarar gaba ya shigo cikin allo, abin da ya yaɗu bayan fitowar iPhone X a 2017. Duk rubutun da ya faɗa ƙarƙashin gurbin ba zai ganu ba. Haka nan, tun daga Android 15 na shekarar 2024, manhajar da aka tsara dominsa tana shimfiɗuwa har bakin allo, don haka maɓallan wasa na iya shigewa ƙarƙashin na wayar.

Na uku, cunkoson ɗigogi ya bambanta. Maɓalli mai faɗin ɗigo 100 zai kai kusan milimita 16 a allon da ke da ɗigo 160 a kowane inci, amma a allo mai ɗigo 480 bai fi milimita 5 da 'yan kai ba, wanda yatsa ba zai iya dannawa cikin sauƙi ba.

Yadda ake magance ta

Ga matasanmu masu koyon tsara manhaja, ƙa'idar ita ce: kada a yi ƙiyasi, a tambayi wayar. Tun daga Android 9 na 2018, waya tana iya shaida wa wasa inda gurbin kyamara yake. Ya kamata hoton baya ya cika allo baki ɗaya, amma rubutu da maɓallai su tsaya a cikin filin da babu abin da ya tare shi. A kuma yi awo da ma'aunin dp maimakon ɗigo. Kamfanin Google ya ba da shawarar kada maɓalli ya gaza dp 48, wato kimanin milimita 9.

Bugu da ƙari, awo ɗaya a farkon wasa bai wadatar ba. Idan aka juya waya, ko aka buɗe irin wadda ake naɗewa, girman fili ya canza. Wasan da bai sake awo ba zai zana maɓalli a wuri ɗaya, ya jira yatsa a wani wurin.

Kira ga jama'a da jami'ai

Muna shawartar jama'a da su fara sabunta wasan, su kuma gwada wani daban. Idan sauran suna aiki daidai, babu dalilin biyan kuɗin canza allo.

Wannan matsala ba ta tsaya ga wasanni ba, tana shafar manhajojin rajistar manoma da na tattara bayanan asibitoci. Idan maɓallin aikawa ya ɓuya, aikin yini guda na iya salwanta. Saboda haka muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi da kada su karɓi manhaja daga hannun ɗan kwangila sai an gwada ta a gabansu a kan ƙaramar waya da babba, tsohuwa da sabuwa, musamman irin waɗanda ma'aikatansu ke riƙewa a ƙauyuka. A kuma rubuta a cikin yarjejeniya cewa gyara yana wuyansa idan sababbin wayoyi suka fito. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya sa mu dace.