Fumfunar da ke yawo a iskar Illela: abin da manhajar yanayi ke nunawa da wanda ba ta gani

A Illela, da an shiga kaka sai atishawa da ƙaiƙayin ido su yawaita, masu asma kuma su fara laluben inhela. Hazo aka fi ɗora wa laifi. Yana da nasa kason, amma akwai abin da ke tafiya cikin ƙurar wanda ido ba ya gani, wato ƙwayoyin fumfuna, ko hunhuna a bakin Sakkwatawa.

Fumfuna na yaɗuwa ne ta hanyar sakin ƙananan ƙwayoyi cikin iska. Na Aspergillus ba su wuce maikuromita 2 zuwa 5 ba, alhali kaurin gashin kai ya kai kusan 70. Shi ya sa suke wuce hanci su sauka cikin huhu.

Yanayi na aiki a mataki biyu. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ke renon fumfunar a jikin ganye da kara. Bushewa kuma ita ke tashin ta. Irin su Alternaria da Cladosporium sun fi sakin ƙwayoyinsu da rana, idan akwai zafi da iska. Don haka Oktoba da Nuwamba, lokacin girbi da sussukar gero, sun fi tsakiyar damina hatsari ga mai asma. Ruwa mai ƙarfi kan wanke sararin sama, amma iskar da ke gaban hadari tana kwaso duk abin da ke ƙasa. A Melbon ta Ostireliya, ranar 21 ga Nuwamba 2016, irin wannan hadari ya tada asmar dubban mutane, 10 suka rasu, kodayake a can garin furen ciyawa ne babban sanadi.

Idan hunturu ya kankama, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, fumfuna ta daina tsiro a fili. Sai matsalar ta koma cikin sito. Baƙin garin nan da ke ƙarƙashin ɓawon albasar da ta daɗe a ajiye, Aspergillus niger ne. Ɗan dakon da ke juye buhunan albasa, ko mai sauke harawa da dusa a kasuwar Lahadi, yana shaƙar abin da mai tafiya a titi ba ya shaƙa, ko da manhaja ta ce iskar gari lafiya lau take.

A nan ne na'urori ke da iyaka. Ƙananan ma'aunan ƙura da ake sayarwa, masu amfani da firikwensin PMS5003, hasken leza suke haskawa su ƙirga abin da ya gifta. Ba su bambanta yashin da ya taso daga kwarin Bodele na Chadi da ƙwayar fumfuna. Ƙwayar Alternaria ma ta fi maikuromita 10 tsawo, saboda haka ba ta shiga lissafin PM2.5. Ƙirga na gaskiya ana yin sa ne da tarkon Hirst, wanda aka ƙera a 1952: yana zuƙar iska lita 10 a minti guda, ƙwayoyin su manne a jikin tef, masani ya ƙirga su da madubin hangen ƙananan halittu. Duk manhajar da ta nuna "adadin fumfuna" a garin da babu wannan tarko, hasashe take yi.

Lambobin laima da saurin iska sun fi amfani. Sai dai a duba sunan gari da kyau, don akwai wata Illela a jihar Tawa ta Nijar. Idan manhajar ta rikice, gara a zaɓi Birnin Ƙonni da ke tsallaken iyaka, ya fi Sakkwato kusa.

Ga masu sito, haɗa DHT22 da allon ESP32 ya wadatar. Lambar kwamfuta 'yar kaɗan za ta sa a riƙa samun saƙo idan laima ta haura kashi 70 ta zauna kwana biyu ko uku, alamar a buɗe tagogi ko a baza kaya. Wajen juye tsohon buhu, takunkumin N95 ke tare waɗannan ƙwayoyi, rawani ko ƙyalle ba ya tare su sosai. Wanda kuma ƙirjinsa ke kukan usur da dare, asibiti ya kamata ya nufa, kada ya tsaya shan maganin mura.