Koriyar kwamfutar Galadima da manhajar da ta ƙi mutuwa

A watan Maris na 2007 aka sauke kwamfutoci wajen 300 a makarantar firamare ta Galadima, wani ƙauye da ke gefen Abuja. Ƙanana ne, kore da fari, da mariƙi a jiki da 'yan kunnuwa biyu da ake ɗagawa don kamo sadarwa. Sai da aka kawo janareta, aka kuma kafa faifan tauraron ɗan'adam saboda intanet, sannan aka raba wa yara, kowa da tasa, ya yi karatu da ita a aji ya kuma tafi da ita gida. Sunanta XO, kuma 'yan Galadima na cikin yaran farko a duniya da suka taɓa ta.

Mai wannan tunani shi ne Nicholas Negroponte, malami a jami'ar MIT ta Amurka. A Janairun 2005 ya tsaya a taron Davos ya ce zai ƙera kwamfutar da ba za ta wuce dala 100 ba, domin kowane yaro a ƙasashe matalauta ya mallaki tasa. Ya kafa ƙungiyar One Laptop per Child, wadda aka fi sani da OLPC. A Nuwamban shekarar aka nuna samfurin farko a Tunis, ana cikin nuni mariƙin da ake juyawa don cajin batir ya ɓalle a hannun Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Duk da haka gwamnatoci suka yi ta nuna sha'awa, ciki har da ta Obasanjo, wadda aka yi ta maganar za ta sayi miliyan guda.

Abin da ke cikin na'urar ya fi jikinta ban mamaki. Ba Windows ba ce a kanta. Linux ce, samfurin Fedora, aka ɗora mata wata sabuwar fuska mai suna Sugar da aka tsara musamman don yara. Idan yaro ya kunna, zai ga wani ɗan mutum-mutumi a tsakiyar allo, wato shi kansa, kewaye da alamomin abubuwan yi: rubutu, zane, lissafi, kiɗa, ɗaukar hoto. Ba sai ya san yadda ake adana aiki ba, domin akwai kundin da ke rubuta duk abin da ya taɓa, da rana da lokaci. Da ya danna wani maɓalli zai ga abokansa na kusa sun bayyana a allo, kowa da launinsa, su haɗu su rubuta abu ɗaya ko da babu intanet, don kwamfutocin suna magana da juna kai tsaye. Allon kuwa ana iya karanta shi a tsakiyar rana. Sannan akwai maɓallin da ke buɗe wa yaro ainihin rubutun da aka gina shirin da shi, mafi yawansa da harshen Python, ya karanta, ya canza, ya ga abin da zai faru. Lasisin manhajar ya halatta wannan ga kowa: ka kwafa, ka gyara, ka raba, sharaɗin kawai kada ka rufe wa na bayanka abin da aka buɗe maka.

Ba a je ko'ina ba matsaloli suka taso, kuma kusan duk a cikin 2007. A watan Mayu mulki ya koma hannun Umaru Musa 'Yar'adua, maganar miliyan guda ta bi ruwa. A watan Yuli Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ba da rahoton an ga hotunan batsa a wasu kwamfutocin yaran, dole aka sa matatar da ke toshe irin waɗannan shafuka. Zuwa Nuwamba ministan ilimi, Igwe Aja-Nwachuku, ya fito ya tambayi amfanin raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama ko kayan makaranta. Farashin ma bai tsaya a dala 100 ba, ya kai wajen 188.

A watan Nuwamban kuma wani kamfani na 'yan Najeriya, Lancor, ya kai OLPC ƙara Babbar Kotun Tarayya a Legas. Kamfanin yana da allon madannai mai suna Konyin, wanda aka tsara don rubuta haruffan harsunan Najeriya da babu su a allon Turanci, ya ce an kwaikwayi fasaharsa a XO. OLPC ta musanta. Lancor ya nemi diyyar dala miliyan 20, kotu kuma ta dakatar da raba na'urar a ƙasar.

A ɗaya gefen kuwa manyan kamfanoni sun farga da kasuwar. Intel ya fito da tasa ƙaramar kwamfutar, Classmate, ya gwada ta a wata ƙaramar sakandare a Jabi, Abuja. Najeriya ta yi odar guda 17,000 ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Kaya suna hanya sai labari ya fito cewa za a goge Mandriva a sa Windows. Ranar 31 ga Oktoban 2007 shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer, shugaban kamfanin Microsoft mai Windows, buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi da ta zaga duniya. Bayan 'yan kwanaki asusun gwamnati na USPF, wanda ya biya kuɗin guda 11,000 daga ciki, ya ce shi dai Mandriva zai bari a kansu.

Cikin gidan OLPC ma wuta ta kama. A 2008 Negroponte ya amince a sa Windows XP a XO. Walter Bender, wanda ke jagorantar ɓangaren manhaja, ya ajiye aiki, a watan Mayu ya kafa Sugar Labs tare da 'yan sa-kai. Da Sugar mallakar kamfani ce a rufe, da a nan labarinta ya ƙare. Amma rubutunta na hannun kowa, don haka suka ɗauke ta suka ci gaba. A 2009 suka fitar da Sugar on a Stick, wadda ake zubawa a filasha a soka wa kowace kwamfuta ta tashi da ita, ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Haka ta faru da Mandriva: a 2010 tsofaffin ma'aikatanta da masu amfani da ita suka ɓalle suka kafa Mageia, a 2015 kamfanin ya rushe, amma Mageia da OpenMandriva suna nan suna fitar da sababbin zubi.

Riƙon manhaja irin wannan aikin gayya ne, kowa ya zo da fartanyarsa ya yi kunyar da zai iya. Wani ya kai rahoton inda ta lalace, wani ya gyara, wani ya duba gyaran kafin a karɓa, wani ya fassara kalmomin allo zuwa harshensa. Aikin ba ya ƙarewa, domin tubalan da aka gina ta a kansu suna tsufa. Da aka sanar cewa za a daina kula da Python 2 daga 1 ga Janairun 2020, sai da 'yan Sugar Labs suka bi shirye-shiryensu ɗaya bayan ɗaya suna mayar da su Python 3. Da yawa daga masu wannan aiki ɗalibai ne da suka shigo ta Google Summer of Code, ko ta gasar Google Code-in ta 'yan shekara 13 zuwa 17.

A nan ne labarin ya sake biyowa ta Najeriya. Wasu XO sun isa makarantu a yankin Fatakwal, kuma cikin yaran da suka girma da ita akwai Samson Goddy. Daga wasa da na'urar ya shiga aikin Sugar, har aka zaɓe shi cikin kwamitin da ke sa ido kan Sugar Labs. A 2018 shi da Ada Nduka Oyom suka kafa Open Source Community Africa, wadda ta yi babban taronta na farko a Legas a Fabrairun 2020, ta kuma buɗe rassa a garuruwa da dama. Ƙasar da ta fasa sayen miliyan guda ita ce ta ba manhajar wasu daga cikin masu riƙe da ita. Uruguay kuwa, wadda ta ɗauki abin da gaske, zuwa 2009 ta gama raba XO ga duk ɗaliban firamaren gwamnati.

Tambayar da ministan ilimin nan ya yi tana da nauyi, kuma ana jin nauyinta sosai a Kuyello da sauran garuruwan Birnin Gwari a jihar Kaduna, inda rashin tsaro ya rufe makarantu ya kuma hana malamai zama. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 ma an katse layukan waya a yankin. Kwamfuta ba ta maye gurbin aji da malami. Sai dai inda aji ya buɗe, Sugar tana aiki babu intanet, tana tashi a tsohuwar kwamfuta, ba a biyan lasisi, kuma filasha ɗaya ta isa a kwafa wa makaranta goma. Linux da take zaune a kai tana zuwa da tsarin madannai na Hausa, har iri biyu, na Najeriya da na Gana, mai ɓ da ɗ da ƙ.

Abin da ya rage shi ne kalmomin da yaro zai karanta a allon. Fassara su ba ta bukatar digiri a fannin kwamfuta, ba ta bukatar izinin wani kamfani. Malamin firamare da ya iya Hausa da Turanci, yake da waya da ɗan data, zai iya ɗaukar shiri guda ya fassara shi jimla bayan jimla ya aika. Idan masu dubawa suka karɓa, fassararsa za ta fito a zubi na gaba, ta isa ga duk yaron da ya zaɓi Hausa, a Kuyello yake ko a Maraɗi ko a zangon Kumasi.